Abin da Jatau Ya Ɗora a Kan Rufi

Shekara goma sha ɗaya ina gadin asibitin nan,
bayan tsohuwar masaƙa, a Kakuri:
ɗaki huɗu, gado tara, da darbejiya guda
wadda ta fi ni sanin masu naƙuda.

Ranar da Jatau ya zo daga Panteka
da bututun tagulla a bayan a-kori-kura,
na riƙe masa tsani, ban riƙe bakina ba.
Na ce, "Kwano ya riga ya gasa mu,
kai kuma ka zo ƙara masa baƙin fenti da gilashi?"
Ya zare sandar walda daga haƙoransa:
"Baba Cindo, ranar nan da ke cin ƙeyarka a banza,
aiki za mu ba ta."

Ruwa ya hau sama da sanyinsa,
ya bi bututu layi-layi kamar kunyar gyaɗa,
kafin azahar ya sauko tanki yana huci.
Wannan na gane.
Ko bokitin da aka manta a tsakar gida
ya sauke wannan karatu.

Akwatin ƙarfen ne ya ɗaure mini kai,
wanda suka girke bayan ɗakin allura.
Ruwan zafi ke shiga ta nan,
iska mai sanyi ke fita ta can.
Injiniya Shekwolo ta durƙusa ta zana da tsinke:
wani ruwa ne a kulle a ciki,
zafi ya kore shi ya zama tururi,
ya huce, ya sauko, ya sake tashi,
in zai tashi sai ya yi guzuri da zafin ɗaki.
Na ce to, don kada ta gaji.
Sai can da dare, na kai moɗa bakin randa,
hannuna ya taɓa raɓar jikinta,
na ji muryar innata:
randar da ba ta gumi, ruwanta ba ya sanyi.

A bazara, da kwalta ke riƙe silifa,
aka ɗauke wuta kwana uku, janareta ba mai.
Sista Kyauta ta fito da tsakar rana
ta ɗaga kai ta ce wa sama, "Ƙara!"
Ban taɓa jin an roƙi rana haka ba.

Da sanyi ya shigo, asuba na cizon yatsu,
akwai wani famfo mai jan kunne;
a murɗa shi hagu, ɗumi ya bi ƙarƙashin daɓe.
A kansa bakwainin Lantana ya kwana sha tara
har ya koyi kuka da ƙarfi.
Kakarsa ta zo da damin itace don wankan jego,
ta tara hannu a famfo, ta janye da salati,
ta tsinki ganye a bishiyarmu,
ta mai da daminta gida a ka.
Tanko mai itace har yau gaisuwarsa gajera ce.

Ba zan yi muku ƙarya ba:
a marka, rana ta tafi hutu ba takarda,
kwana huɗu tanki ya koma tsaka-tsaki,
muka nemo gawayi da tsohuwar tukunya.
Gwiwar bututu ma ta taɓa yoyo,
Jatau bai ɗaga waya ba sai Laraba.

Yanzu an ƙara mini aiki, ba a ƙara albashi ba.
Bayan sallar asuba nakan hau tsani da tsumma
in goge abin da tantabaru suka rubuta a gilashi.
Gari bai gama wayewa ba,
masu kai yara makaranta ba su fito ba.
Nakan ɗora tafina a bakin bututu,
inda rigar tanki ta ɗan yage.
Ranar jiya tana nan a ciki, ba ta huce ba.
A ƙasa wata ta ce, "Yunƙura, saura kaɗan,"
wani kuma ya buɗe famfo.